Guntun Badalar Bayan Gidan Kawu

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin tarihi, aikina shi ne kwatanta ganuwar Kano da ta tsofaffin biranen Sin da Babila. Waɗancan a littafi kawai na san su. Tamu kuwa, wadda ake kira badala, akwai guntunta kusa da Ƙofar Na'isa, a bayan gidan kawuna, inda har lokacin ana ganin yadda magina suka jera tubali. Malamin da ke duba aikina ya ce in ban kawo awon wurin da hotuna ba, kada in sake zuwar masa da babin. Ga wa'adina ya kusa cika.

Daminar shekarar ta yi ƙarfi. Wata safiya na isa da abin awo, sai na tarar da kawu riƙe da diga yana saran jikin badalar, baro a gefe ya kusa cika.

Na ce, “Kawu, don girman Allah ka tsaya!”

Bai ko juyo ba. Ya ce, “Ɗakin yara ya rufta jiya. A soro suka kwana cikin laima. Da ƙasar nan zan tayar da shi.”

“Ka ba ni zuwa gobe kawai in auna.”

Ya ɗaga haɓa ya nuna gabas, inda hadari ya yi baƙi ƙirin. “Wancan za ki roƙa.”

Ban san lokacin da na riƙe ƙotar digar ba. Ina kuka ina gaya masa wannan guntun ne ya rage mini, in ya tafi karatuna ya tafi. Shi ma idonsa ya kaɗa. A hankali ya ce, “Sakar min, 'yar nan.”

Na saki. Yana sara ta dama, ina awo ta hagu, ƙasa na zubo mini a mayafi. Wani tubali ya gangaro gabana, da shatin yatsun wanda ya cura shi. Kafin in ɗauki hotonsa kawu ya jefa shi a baro. Ana haka ruwa ya kece.

Rabin awon na samu. Sai da na ƙara zangon karatu guda, na rubuta babin da abin da ya sawwaƙa. Ni da kawu kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, har zuwa babbar salla da ya aiko mini da cinyar rago.

Bara na bi ta wurin a adaidaita. Shagon cajin waya ne yanzu.