Geron da Inna ta goya

Inna ta haifi takwas, ta binne uku, amma in aka tambaye ta ƴaƴanta nawa sai ta ce tara. Na taran gero ne. Ni aka sauke daga baya saboda shi, don haka na fi kowa hujjar jin haushinsa, kuma na ji shi har na yi furfura.

A wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, zamanin Faransawa. Gidaje huɗu ne kacal na masu bi a garin, ɗakin sujadarmu kuwa rumfar kara ce. Lokacin da Inna ta auri Baba ta shiga bin Yesu, uwarta ta yi fushi, ta ƙi taka ƙafa wurin bikin. Bayan kwana bakwai sai ta aiko da zangarniya goma sha biyu na irin geron gidansu, ba gaisuwa, ba saƙo. Inna ta ce ita dai ta ji saƙon. Gajeren gero ne mai saurin nuna, ƙwayarsa da ɗan duhu, furarsa da gardi. Kowace kaka takan shiga gona kafin girbi ta zaɓi kawunan da suka fi cika, ta rataye su a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari.

A wancan zamani kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin, ya sa an gina rumbuna a bakin kowane gari, kowane gida ya kai damma a liƙe, wai ajiya ce don ranar yunwa. Abin da ya shiga kuwa, in ya fito, ya gauraye da na kowa, rabinsa ƙwari sun ci. Wata shekara damina ta yi gardama, abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba, sai ga gardawan kumandan, wato dogaransa, sun zo suna bi gida gida, har abin da ke rataye a madafa suna saukewa. Inna ta kwance majanyi, ta dire ni ƙasa, ta naɗe zangarniyarta a tsumma ta goya, ta ja zane ta rufe har bisa. Ni ban tuna komai ba sai zafin rairayi a tafin ƙafata da ihun da na yi ta kurmawa.

Wani gardi ya tare ta a bakin ƙofa. Ya ce, "Ke, mi kika goya, ga ɗiya na kuka ƙasa?"

Inna ba ta ƙarya, ko da za a yanka ta. Ta ce, "Wanda zai cishe ni ne in na tsufa."

Ya yi dariya ya ce Allah ya raya, ya wuce. Baba ya yi shekaru yana tsokanarta cewa wannan amsa da ƙarya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ita kuwa takan ce a nuna mata kalma guda da ba gaskiya ba a ciki. Tun daga ranar gidanmu ke kiran geron nan ƙanena.

Na tashi ina ganinta a duƙe. Shuka, noma, maimai, girbi, sussuka, daka, ga ruwa daga rijiya mai gaba ashirin. Tana daka tana rera waƙar sujada, taɓarya na bin amo, maƙwabtanmu Musulmi har sun haddace amshin ba da saninsu ba. Amma ranar Lahadi ko tsinke ba ta ɗagawa a gona. Ko da ruwan shuka ya sauka ranar Asabar, gari duka ya fita da sungumi, ita sai ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau ta tafi sujada, Baba na biye da ita yana waiwayen gona. Ni na tsani noma tun ina ƙarama, kuma ban ɓoye ba. Da na sami direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya ce yana sona, ban tsaya dogon tunani ba.

Shi ya kai ni Arlit, lokacin da kamfanin haƙar yuraniyom ke ɗibar ma'aikata. Gari ne da ba a san damina ba, dutse da rairayi da rana, ni kuwa hakan ya yi mini daidai. Da Baba ya rasu, ƴan'uwana maza suka watse birane, sai na je na ɗauko Inna don ta huta. Na ce mata ga famfo a tsakar gida, ga shinkafa a kanti, ta miƙe ƙafa. Ta sauko daga mota da ƙullin tufafi ɗaya, da Littafi Mai Tsarki wanda ba ta iya karantawa, da ƙanena a cikin gyanɗama.

Hutun bai kai wata ba. A bayan gari akwai garake, wato lambuna, da ake bayi da ruwan da ya fito daga gidajen ma'aikata, ta je ta roƙi ɗan fili wanda bai fi tabarma shida ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce mutane za su ce na kawo uwata bauta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce iri in ya shekara uku bai ga ƙasa ba ya mutu, ita kuma ba ta goyo shi daga hannun gardi don ya mutu a gyanɗama ba.

Sai dai a Arlit shuka ba ta yafe kwana ɗaya ba ruwa. Lahadin farko da ta tafi sujada, Litinin ta tarar da tsiron ya kwanta. Ta yi ta ba shi ruwa ya farfaɗo, wata Lahadin ya sake kwantawa. Na ce mata Allah ba zai kama ta don bokiti biyu ba. Ta ce ita ba ciniki take yi da Shi ba. Ni kuma, don taurin kai, ban ce zan je in bayar ba.

Lahadi ta uku, da ta leƙa bayan sujada don ta ga ɓarnar da idonta, sai ta sami ƙasar a jiƙe. Maƙwabcin garkarta ne, wani Ba'abzine dogo mai rawani, mai noman tumatir da albasa, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

Ya ce, "Tsohuwa, geronka ya sha. Kai tafi wurin sallarka, Lahadi nawa ne."

Inna ta ce, "Ke ake ce wa mace, malam. To, na ji. Juma'a kuma tawa ce, ka tafi masallaci da farin kaya."

Shekara goma sha tara suna wannan musaya. Bai taɓa ce mata ke ba, ita ma ba ta taɓa fasa gyara masa ba. Duk kaka takan dama masa fura da sabon gero, ta kai kai uku majami'a don godiya, sauran ta rataye a madafata, inda nake mita kullum cewa yana zubo mini ƙaiƙayi a miya. Daga baya ƙafa ta gaza masa, ya koma kwarinsu cikin duwatsu wajen Iferwan. Inna ta ci gaba, jikokinta na ɗaukar mata Lahadi, har ta haura tamanin, har ido ya tafi ya zama da yatsa take gane kan da ya cika.

Ta rasu da hantsi, ranar Talata, tana da shekarun da ba wanda ya ƙidaya daidai. Kwana biyu kafin nan ta kama hannuna ta ce, "Ga ƙanenki nan. Kar ki bar shi ya daɗe bai ga ƙasa ba." Na ce to, kuma da gaske na faɗa.

Na sussuke shi na zuba a gwangwani na rufe. Shekarar farko na ce makoki. Ta biyu ciwon gwiwa. Ta uku an ba wani filin. A ta biyar na buɗe gwangwanin, sai gari da ƙwari. Na tankaɗe na sami abin da bai cika tafin hannu ba, na shuka a tsohon kwano ina ba shi ruwa safe da yamma, har ranar Lahadi. Ko ɗaya bai tsiro ba. Na zauna gaban kwanon na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta. Kunya ce ta fi yawa a ciki.

Ɗana na biyu direba ne kamar ubansa, yana ɗauko albasa daga garaken Abzin. Shi ya ce in bi shi in sha iska, ko na daina zama gaban kwano. A hanya na tuna da mutumin, muka yi ta tambaya har aka nuna mana garkarsa. Ya daɗe da rasuwa, ƴarsa ce ke wurin, raƙumi na ja mata guga daga rijiya. Na fara yi mata bayanin ko ni wace ce, sai idona ya faɗa cikin garkar. A bayanta, tsakanin dabino da rumman, ga gajeren gero ya fitar da kai, ƙwayarsa da ɗan duhu.

Ta bi idona ta ce, "Wannan? Geron Lahadi ne. Wani tsohuwa ya ba babana a Arlit. Duk kwarin nan shi muke shukawa."

Na ce, "Wata tsohuwa." Ban san lokacin da gyaran ya fito daga bakina ba.

Ta shiga da wuƙa ta zaɓo mini kawuna goma sha biyu, ba ni na faɗa mata adadin ba, abin da hannunta ya iya riƙewa ke nan. Ta tafi neman buhu, na ce ta bari. Na cire mayafina na naɗe su, na duƙa da gwiwar nan mai ciwo, na ce ta ɗora mini a baya.

Ɗana ya hango ni ina tahowa wurin mota a hankali, ya leƙo ta taga yana dariya. Ya ce, "Mama, me kika goya haka?"

Na ce, "Kawunka ne. Buɗe mana ƙofar gaba."