Tikiti Uku da Sunan Maigidana

Maigidana direban tirela ne. Yakan fita ranar Litinin, wani lokaci sai bayan kwana goma muke ganinsa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ɗan sanda bai taɓa rubuta masa tikiti ba, wato takardar tara. Ba mai alfahari ba ne, amma wannan kam yakan faɗe shi.

Muna da ƙaramar mota da muke ajiyewa a bakin titi a unguwarmu, Mount Hope. Duk wanda ya zauna a nan ya san wahalarta. Ranar da motar shara za ta bi layi, dole ka ɗauke taka daga wannan gefen, in ta wuce ka mayar. Ni ban iya tuƙi ba, kuma da sassafe nake shiga jirgin ƙasa mai lamba D zuwa gidan tsohuwar da nake kula da ita. Sai maigidana ya ba wani ɗan garinsu makulli. Maƙwabta ne tun a zangon Kumasi. Ya zo ƙasar nan ba takardar zama, ya yi wata huɗu yana kwana a falonmu. Yaya yake ce wa maigidana, ni kuma Anti. Abin da aka roƙe shi ke nan, ya matsar da mota ya mayar.

A aljihun motar akwai tsohon lasin tuƙin maigidana. Ya taɓa ɓata, aka ba shi sabo, daga baya tsohon ya fito daga ƙarƙashin kujera, sai ya jefa shi ciki ya manta.

Ashe haya mutumin nan yake yi da motar a titin Grand Concourse. Sau uku ɗan sanda ya tsayar da shi, na farko gudu, na biyu waya a kunne, na uku ya wuce jar wuta. Sau uku yana miƙa lasin maigidana. Dukansu dogaye ne masu gemu, ɗan sanda bai tsaya duban fuska ba. Kowane tikiti ya biya shi da sauri a ɓoye, yana ganin in an biya magana ta mutu, kamar a gida. A nan kuwa biya amsa laifi ne. Lasin kuma ɗaya ne. Abin da aka rubuta maka a ƙaramar mota, shi zai bi ka har cikin tirela.

Kamfani kan duba tarihin direbobinsa duk shekara. Aka kira maigidana ofis, aka ce masu inshora ba za su ƙara ɗaukarsa ba, ya ajiye makulli. Ya ce bai gane ba, aka nuna masa laifi uku a lasinsa da ranakunsu. Ya dawo gida ya buɗe littafin da yake rubuta tafiye-tafiyensa. Duk ranakun ukun ba ya ma cikin jihar.

Na ce ya kai littafin gaban hukuma. Ya ce sai an fara zama da manya. Aka zauna a masallacinmu bayan la'asar, ni ina bayan labule.

Na ce, "Allah gafarta Malam, littafin nan ai shaida ne."

Liman ya ce, "Shaida ne, baiwar Allah. Amma in aka kai shi, ɗan'uwanku za a kama, a saka shi a jirgi a mayar da shi gida. Uwarsa tana raye, kin santa."

Wani dattijo mai kanti ya ce, "Haba, shekara uku ce fa, laifin ya goge daga lasin. Mu da gemunmu ya yi fari muna jiran takarda, mun mutu ne?" Aka yi dariya.

Ɗan garin nasu ya durƙusa ya kama ƙafar maigidana. "Yaya, wallahi na ɗauka in na biya shi ke nan."

Maigidana ya dube shi. Sai ya ce, "Tashi." Bai ƙara komai ba.

Ya nemi aiki a kamfanoni da yawa. Kowa sai ya duba, kowa sai ya ce zai kira. Ƙarshe ya koma sauke kwalaye a kasuwar kayan miya, mutum mai shekara hamsin da biyu, cikin sanyin da ke tsaga leɓe. Ranar da ba aiki yakan tsaya a kan gadar da babban titi ya bi ta ƙarƙashinta, yana kallon tireloli. In ya dawo sai ya ce, "Yau na ga wani yana taka birki kamar da gaba yake da motar." Ina dariya don ya ji daɗi.

A sanyi na biyu ya faɗi a wurin aiki. Likita ya ce zuciya ce. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma da sunan mai ganganci aka binne shi, shi da bai taɓa wuce jar wuta ba.

Bayan shekara huɗu mutumin nan ya sami takardar zama, ya biya kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, ya bi gida gida yana neman gafara. Ya zo nawa tare da liman. Na kawo musu ruwa, don a gidan maigidana ba a taɓa hana baƙo ruwa ba.

Ya ce, "Anti, jirginmu ranar Laraba. Ki yafe mini."

Na ce, "Akwai ofishin da ake sauraron maganar tikiti. Ka je ka ce kai ne ka tuƙa, su cire daga sunansa. In ka fito za ka same ni a bakin ƙofa, a nan zan yafe."

"Anti, ai tuni ya goge."

"A wurinsu ne ya goge."

Ya sunkuyar da kai. "Takardata sabuwa ce. In na faɗa za su ƙwace."

Liman ya ce, "Baiwar Allah, mamacin ai ya yafe."

Na ce, "Ina wurin, Malam, ban ji ya faɗa ba. In ma ya yafe nasa, nawa da na 'ya'yana yana nan."

Suka tashi. Bai je ofishin ba, ya hau jirginsa. Wasu matan masallaci suka rage gaishe ni, na kuma ji ana cewa zuciyata dutse ce.

Ranar Arfa ina azumi, ina wurin aiki. Na san yana can tsaye cikin fararen kaya, hannunsa a sama. Na kwantar da tsohuwar, na shiga kicin, na fuskanci alƙibla, ni ma na ɗaga nawa. Na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Na faɗi sunansa da na ubansa da unguwar da aka haife shi. Na san Allah ba ya ɗora wa wani laifin wani. Duk da haka na faɗa, a fili, don kunnena ya ji.