Gorar da Bunu Ya Bari a Bakin Jinga

Duk wanda ya taɓa ƙetare ruwa daga Kirikasamma zuwa ƙauyukan fadama ya san Baba Bunu mai fito. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka taso. Shi kuwa a kan gora ya fara kamun kifi, yana kife da ciki a kanta, kafin Allah ya hore masa kwalekwale. Mutum ne mai surutun tsiya. Ka shiga jirginsa, kafin ku kai gaɓa ya ba ka tarihin kowace ambaliya, har da waɗanda aka yi bai zo duniya ba.

Bakin nan ne ya ja masa. Bara waccan wata marubuciya, Malama Halimatus Sa'adiya, ta zo tattara tarihin ambaliyar kogin Haɗeja. Ta kunna waya tana naɗar muryarsa, hira ta yi daɗi, Bunu ya saki abin da ya shekara arba'in yana ɓoyewa. A shekarar babban ruwa, shi ne ya sare jingar da aka tare kogi da ita, don garinsu ya tsira. Ruwa ya juya ya kwanta a kan ƙauyen Dandagi, ya cinye shinkafarsu kaf, yunwa ta biyo baya ta ɗauki yara. A tunaninsa littafin boko can Kano ake kai shi ya sha ƙura. Wa zai karanta a fadama?

Sai ga bikin baje kolin littattafai ya zo Haɗeja. Malama, wadda za ta karanta littafinta a wurin, ta aiko da babur aka ɗauko shi, aka zaunar da shi a gaba kusa da marubuta. Yana ɗaga kai ya hango Malam Ja'afaru na Dandagi a layi na uku. Ɗan Ja'afaru ne ke auren Zara, 'yarsa tilo, har da 'ya'ya huɗu. Kuma ƙanwar Ja'afaru, Ummussalma, tana cikin yaran da yunwar nan ta ɗauke. In maganar nan ta fito, ina Zara za ta sa kanta?

Ya raɗa wa Malama, "'Yata, don Allah ki tsallake labarina."

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji ta. "Ban sa sunanka ba."

Gaskiya ta faɗa. "Wani matashin masunci" ta rubuta. Amma da ta zo inda matashin ya ruga ya bar gorarsa a bakin jinga, sai ta karanta ta lasifika cewa gorar tana da tsaga uku a wuya da zanen ƙafar kaza. Baiwar Allah ta ɗauka ado ne. Ba ta san kowane gidan masunta da shaidarsa ba, kuma ko yaron goye a fadama ya san ta gidan su Bunu.

Gumi ya jiƙe masa riga. Ya sunkuyar da kai. Tsoron da ya ji ya fi na ranar da jirgi ya kife da shi cikin ciyawar kachala.

Da aka ba da damar tambaya, Ja'afaru ya miƙe a hankali, ya karɓi makirifo.

"Malama, ba ni da tambaya. Gorar nan tana gidanmu. Mahaifina ya tsince ta washegari. A cikinta Zara take ajiye irin shinkafa."

Ja'afaru ya juyo ya dubi Bunu.

"Mun sani tun kafin mu zo neman aurenta, Malam Bunu. Baba ya ce kada a taɓa ka, a jira ka faɗa da bakinka. Ya jira har ya rasu. Yau kuma takarda ce ta faɗa, ba kai ba."

Ya tako har gaba ya miƙa masa makirifon. Bunu ya riƙe da hannu biyu. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya daɗe yana motsa leɓe.

"Ni ne," ya ce. "Ummussalma da sauran yaran, ni ne."