Layin da Na Taka da Ƙafata

Wanda ya koya mini aikin kamara abu ɗaya ya dinga nanata mini har kunnena ya gaji: in mutum biyu suna hira, ka ja layi a ƙasa daga ƙafar wannan zuwa ta wancan, ka tsaya gefe guda. In ka tsallake, a majigi duk za su fito suna duban waje ɗaya, kamar masu gaba da juna.

Shekarar babban fari, soja na mulki, aka tura ni sansanin bayan Yamai inda yunwa ta tara jama'a. Na tarar da wani tsoho ɗan Adar da matarsa a bakin bukkar tabarma, suna tuna shekarun da rumbunsu ke cika. Na ja layina da kara, na ɗauki tsohon. Na juyo kan matar ke nan, ajidan ɗin soja da aka haɗa ni da shi ya dafa mini kafaɗa. Sababbin kaburbura ne a bayanta, ba a so a gani. Ya ce in koma wancan gefe, inda aka jibge buhunan taimako.

Ni da a unguwar Zongo aka san ni da tsiwa, ranar sai na bi umarni. Na ciccibi kamara, na taka layin da ƙafata, ina ce wa kaina gobe zan dawo in gyara. Goben ta zama mako biyu. Da na koma, an riga an binne matar.

Bayan an haɗa fim, tsohon ya tako har wurin aikinmu, yana so ya ƙara ganinta. Na ba shi kujera, na kunna majigi. Ga shi yana magana yana duban dama, ga ta tana amsawa, ita ma tana duban dama.

"Ɗana," in ji shi, "ranar nan na ɗauka ni take kallo. Ashe kawar da kai ta yi."

"Wallahi kai take kallo, Baba. Laifina ne."

"Hoto ba ya ƙarya. Ni na hana mu baro gida da wuri, har ƴaƴanmu biyu suka rasu a hanya. Da fushina ta tafi."

Na durƙusa na ja masa layi da alli a siminti, ina ta bayani. Ya saurare ni har na gama.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce, "so kake ka sanyaya mini rai."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Na neme shi a sansanin sau uku, ban same shi ba.