Gyarar da Ta Tsaya a Kwastan

Ina gona ina ɗaure damin gero saƙon ya shigo wayar matata. Tun da Allah ya yi mata rasuwa a tsakiyar damina nake yawo da wayar a aljihu, ina kai ta caji shagon bakin masallaci kamar yadda ta saba aikawa. Ban iya komai a cikinta ba sai danna saƙon murya. Na matsa gindin ɗorawa, domin nan ne sabis yake kamawa sosai a gonar, na danna.

Muryar wani Alhaji ce, mutumin Kano da ya daɗe yana aikin asibiti a Amurka. Na san muryar, na sha jin ta a tsakar gidana lokacin da suke ciniki. Ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, ya ƙarfin jiki?" Sannan ya ce hulunan da ya saya saboda bikin ɗansa sun isa ƙasar, amma kwastan sun riƙe. Sun ce akwai wani abu a cikin kwalin da ba a rubuta ba. Idan ba a yi musu bayani ba za su mayar da kayan inda suka fito, ko ma su ƙona. Ya ce don Allah ta tuna ko me ta sa, biki ya matso.

Bai san ta rasu ba. Na zauna a kan saiwar ɗorawar na sake saurare.

Matata ɗinkin hula take yi. Kakanninta daga Barno suka zo, a hannun kakarta ta koyi allura tun tana ƙarama. Shekaru da yawa dillalai ne suke zuwa su kwashe a yadda suka ga dama. Da ƙanwarta, wadda take koyarwa a firamaren garinmu, ta nuna mata yadda ake ɗaukar hoto a ɗora a waya, sai ciniki ya canza. Aka fara da Kaduna da Abuja, daga nan Nijar da Gana, har aka kai ƙasashen da ban san ta ina rana take fito musu ba. Ni aikina ɗaya ne: in zan kai wake Dawanau, in ɗaura kwalinta a bayan babur in wuce da shi birni wajen ejan mai tura kaya waje. Ta kan ce ni ne jirginta na farko.

Tana da ɗabi'a guda da ba ta bari. Ba ta sayar da abu ba gyara. In mai awo ta auna maka gero ta ƙara ɗan tafi a kai, to ita ma haka take yi wa mai hula. Wani ta sa masa ɗan turaren wuta, wani hankicin da ta yi wa baki, wani ƙullin aya. Na taɓa ce mata mutanen nan ba su san tana yi ba sai sun buɗe, to wa zai ji haushi in ba ta sa ba? Ta ce, "Malam, ciniki ba gyara ai ƙwace ne da sallama."

Lokacin da ta gama hulunan Alhaji ne rikicin kuɗin fito ya taso. Na kai kwalin birni, ejan ya ce in mayar, an canza doka a can, yanzu ko ɗan ƙaramin kaya sai an biya masa fito, kuma ba wanda ya san wa zai biya, mai aikawa ko mai karɓa. Na dawo da shi. Bayan kwanaki ya ce in kawo, na kai, ya ce a'a, wanda ya gaya masa bai ji daidai ba. Kwalin nan ya san hanyar garinmu Dawakin Tofa fiye da wasu direbobi. A lokacin ciwon ya fara kwantar da ita, amma bakinta bai kwanta ba. Tana kan tabarma ta kira ejan, ta sa muryar a fili ina ji.

"Ɗana, yau hula nawa take biya?"

"Hajiya, ya danganta. In auduga ce daban, in zaren roba ne daban."

"To in an haɗa su fa, kamar yadda kowace hula take tun zamanin kakata?"

"Shi ne nake tambaya, Hajiya."

"Ka tambaya da sauri. Ɗan Alhajin nan zai yi aure da kai a buɗe kamar ɗan ƙwallo."

Daga ƙarshe aka karɓa. Da daren da zan kai, ita ta rufe kwalin da hannunta, ta ce in miƙo mata salatif in fita in ba ta wuri. Ba a yi nisa ba bayan haka ta rasu. Cikin zaman makoki da shigar mutane da fitarsu, kwalin ya fita daga raina gaba ɗaya.

Da na bar gona na biya ta makaranta, na tarar an tashi yara. Na miƙa wa ƙanwarta wayar. Ta saurara, ta buɗe takardar da Alhaji ya turo hotonta, tana karantawa tana motsa baki. Tsakanina da ita akwai wasa tun ranar da aka kawo yayarta gidana, amma tun rasuwar ba wanda ya taɓa wani a cikinmu, gaisuwa kawai.

Ta ce, "Sun ce kare ne ya shinshino. Abu ne baƙi, dunƙule-dunƙule, a cikin gwangwanin madara, an naɗe da leda, an cusa cikin hular da take can ƙasan kwalin."

Muka dubi juna. Ni na tuna wani saƙo da Alhajin ya taɓa turowa, yana cewa abin da ya fi kewa a duniya miyar kuka ce da daddawar gida irin ta mahaifiyarsa. Na tuna da matata ta ji, ta ce, "Allah sarki."

Na ce, "Daddawa ce."

Ƙanwarta ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, ko da yake daga baya sun haɗu. Ni ma na yi, ita ce ta farko tun da aka kai matata makwancinta. Ta ce, "Karen Turawa ma ya san hannun Yaya. Kai ne dai ka yi shekaru kana ci ba yabo."

Na ce, "Ina yabawa a zuci."

"To ga shi kare ya fi ka baki."

Washegari na ɗauke ta a babur muka tafi birni. Ejan yaro ne mai ladabi, shagonsa cike da kwalaye har rufi, kowanne da mai shi yana kira. Akwai wata mai turaren wuta a zaune, kayanta sun yi wata da watanni a hanya, da wani mai takalman fata da aka caje shi fito sau biyu a kan kaya ɗaya. Da ejan ya ji rasuwar sai ya ajiye biro ya yi addu'a, ya ce ba wadda take zaginsa da daɗi kamar Hajiya. Sannan ya jawo takarda.

"Baba, za mu rubuta musu abin da ke ciki. Mene ne sunan daddawa a wajensu?"

Ƙanwar matata ta ce, "Kai ne ejan."

Ya duba waya, ya rubuta wani abu mai tsawo. Ya ce, "Saura kuɗinta. Nawa aka sayar?"

Na ce, "Ba a sayar ba. Gyara ce."

"Na sani, Baba, amma akwai gurbin kuɗi, ba a barin sa haka. Da shi suke lissafin fito."

"To rubuta babu."

"In na rubuta babu, na'ura ba ta wucewa."

Mai takalman fata ya sa baki ya ce a rubuta kuɗin da ake sayar da ita a kasuwa mana. Na ce ta kasuwa daban, wannan daga ɗorawar gonata aka sauke kalwarta, ita ta dafa, ta wanke, ta rufe, ta daka. Mai turare ta ce, "Malam, Bature ba ya cin labari." Aka yi dariya, har da ni. Amma a raina na ji ba zan iya sa wa abin da ta bayar kyauta farashi ba, sai ka ce na bi bayanta na karɓi kuɗi.

Ejan ya yi ta buga waya. Da ya gama ya ce ai maganar kuɗin ma ba ta taso ba, abin ci irin wannan ba ya shiga sai da wasu takardu da mu ba mu da su. Hanya biyu ce. Ko mu sa hannu su cire daddawar su zubar, Alhaji ya biya fiton huluna a sakar masa. Ko mu yi shiru, in an yi sa'a a dawo mana da kwalin yadda yake.

Na ce a ba ni zuwa gobe.

Muna hanyar komawa, mun wuce Dawanau, ƙanwarta tana bayana a babur. Ta san abin da nake tunani. A cikin kwalin akwai wata shuɗiyar hula, ita ce ta ƙarshe da matata ta ɗinka, tana kwance tana yi tana hutawa. Duk shekarun nan ban taɓa samun hula daga hannunta na riƙe ba, kowacce na sa sai wani ya gani ya yaba, ta cire daga kaina ta sayar, ta ce za ta yi mini wadda ta fi ta. In na yi shiru, shuɗiyar za ta dawo gida.

Ta ɗaga murya saboda iska, ta ce, "Yaya Malam, kanka ma ya yi wa hular nan girma."

"Wa ya ce ina so?"

"Babur ɗin ne ya faɗa. Tun ɗazu yake tafiya kamar jaki mai ciki."

Da yamma na koma gindin ɗorawa, lokacin su can gari ya waye. Ƙanwarta ta nuna mini inda ake dannawa a kira. Alhaji ya ɗauka da fara'a yana cewa Hajiya. Na ce mijinta ne, na gaya masa. Ya yi salati. Sannan ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Na ce masa abin da kare ya gano daddawa ce, ta sa masa gyara saboda maganar mahaifiyarsa. Ya ce, "Malam, sau ɗaya fa na faɗa."

Na ce, "Ba ta bukatar biyu."

Shi da kansa ya ce in ina son kayan su dawo, a bar su su dawo, ba zai nemi komai ba, yara su sa abin da suka samu. Na gode masa. Amma na ji ta da kunnena tana ce masa in sha Allahu hulunanta za su halarci bikin nan ko ita ba ta je ba. Ban taɓa ganin ta faɗi magana ta bar ta a ƙasa ba. Na ce a saki huluna, a zubar da daddawar.

Ko bayan mun sa hannu sai da aka ƙara jan lokaci. Aka ce Alhaji ya biya, ya biya, aka ce lissafin na auduga ne ba na zaren roba ba, ya cika. Ejan ya riƙa turo mini saƙo, yau kaya suna wannan gari, gobe sun koma wancan. An ɗaura aure ba su isa ba. Allah ya taimaka su can sai ƙarshen mako suke walima, ana gobe aka ajiye masa kwalin a ƙofar gida.

Ya turo hoto. Samari a jere cikin manyan kaya, kowanne da hular matata, wasu sun kifa ta kamar kwano don ba su saba ba. Ƙanwarta ta yi ta nuna su tana cewa wannan a karya masa, wancan a tura masa gaba. Alhaji yana tsakiya da shuɗiyar. Ta zauna masa daidai. Na daɗe ina kallo, sannan na ce gaskiya ne, da ta yi mini kaɗan.

A ɗakinta akwai ƙaramar tukunya da ragowar daddawar da ta yi a ƙarshe, ta bushe sarai. 'Yata da take zuwa yi mini girki ta tambaya ko ta taɓa, na ce ta ɗebi rabi, rabin na da mai shi. Na tambayi ejan, ya ce har yanzu ba hanya. Alhaji ya ce zai zo gida in ya samu hutu, bai dai sa rana ba.

Ya karɓi hulunansa, amma har yau ban ba shi gyararsa ba.