Jajayen Kifayen Mai Haƙar Rijiya

Har yanzu labulen falona warin fiya-fiya yake, wannan maganin sauron da ake sayarwa a 'yar kwalba. Sau biyu na wanke shi. Shekaranjiya saura kaɗan na rasa 'yata mai wata bakwai saboda maganin nan. Tun da muka dawo daga asibiti, kakana kawai nake tunawa.

A wani ƙauye na Sule Tankarkar na tashi a hannunsa. Haƙar rijiya ce sana'arsa kafin gwiwa ta hana shi. Kun san ƙasarmu ba kogi, sai an haƙa ƙasa da zurfi, gaba da yawa, kafin a tarar da ruwa. To a irin wannan wuri tsohon nan yake kiwon jajayen kifaye guda biyar, a cikin kwamin siminti da a da ake ba tumaki ruwa, ƙarƙashin darbejiya. Baffana direba ne ya kawo masa su daga Kano a leda. Abokansa na majalisa su yi ta tsokanarsa.

"Malam, yaushe za a soya mana ne?"

"Ranar da ka biya sadakinsu," in ji shi.

Ni ce mai taya shi, amaryarsa yake ce min. Ba ya taɓa zubar da ruwan duka, kashi ɗaya cikin uku yake kwashewa, ya zuba wanda ya kwana a buɗe a bokiti. Sabulu ba ya zuwa kusa da kwamin. Abinci kuwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau ɗaya da safe. Wata rana tausayi ya kama ni, na marmasa musu tuwon dawa mai yawa. Kafin azahar ruwan ya yi fari, suka taso sama suna buɗe baki. Bai dake ni ba. Ya ce, "Amarya, wannan karamcin naki zai kashe min baƙi." Muka wuni muna sauya ruwa kaɗan-kaɗan.

Da bazara, lokacin da rairayi ke ƙona ƙafa, sai ya ɗora zana a kan rabin kwamin. Da damina su ke cinye tsutsar sauro, har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da na gansakukar da ke jikin simintin. Amma dokar da ya fi tsananta ita ce ta feshi. Duk wanda zai fesa maganin wake ko na sauro a gidan, sai an fara rufe kifaye da faifai da buhu. Ya ce min a ƙasan rijiya akwai iskar da ba a gani, wadda ke kashe ƙato cikin shiru, shi ya sa suke fara zura fitila kafin mutum ya sauka. Ya ce kifi ma haka yake, shi ke fara jin abin da mutum bai ji ba tukuna.

Ya rasu ina aji biyar na sakandare. Da aka kawo ni gidan aure a Gumel, na roƙi maigidana ya sayo min kifaye uku a ɗan akwatin gilashi, muka ajiye a falo.

Shekaranjiya bayan la'asar sauro ya dame mu. Na yayyafa fiya-fiya a kusurwoyin falo, na rufe tagogi da ƙofa, na fita tsakar gida girki. Yarinyar tana barci a uwar ɗaka, labule ne kawai tsakani, ni a ganina ya isa. Na ɗora tukunya, na jajjaga kayan miya, har na fara tankaɗe. Sai na tuna: ban rufe kifaye ba.

Na shiga da gudu. Biyu sun kwanta a gefe, ɗaya yana haƙi a saman ruwa. Ina tsaye a kansu sai na ji wani irin kakarin numfashi daga bayan labule. Na same ta jikinta ya saki, miyau na zuba, idonta na hawaye ba kuka. Ban san yadda na fita titi da ita ba mayafi ba. Wani mai adaidaita sahu ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke mu. A asibiti suka ce da an ƙara jimawa, da labarin ya bambanta.

Ta farfaɗo, alhamdu lillahi, yau har ta kama nono sosai. Kifayen dai duka sun mutu.

Ɗakunan da muka tashi a ciki iska na ratsa su ta ko'ina. Namu na yanzu gilashi ne da silin, in ka rufe ka rufe, ga magani a kowane shago ba mai gaya maka ƙarfinsa. Tsofaffin da ke tsayawa su yi maka bayani kuma suna ta ƙarewa.

Jiya 'yan dubiya suka cika gidan. Surukata tana ta gaya musu, "Uwa ce ai, jikinta ne ya ba ta." Kowa na sa min albarka, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ban iya gaya musu ba, amma ku zan gaya muku: jikina bai ba ni komai ba. Saboda kifi na koma ɗakin nan. Allah Ya jiƙan kakana, Ya haskaka kabarinsa.