Awoyin da Kyaftin Badaru Ya Ƙi Rubuta wa Ɗana

Kai mai karatu, in ka ɗauki wannan takarda ne don ka ji abin da matuƙin jirgin sama ya bari, gida nawa, mota nawa, to ajiye ta ka nemi wani aikin. Irin wannan raɗa ta ishe ni a zaman makoki, har daga bakin matan da suka shigo da carbi a hannu. Ƙanena nake yi wa ta'aziyya, kuma akwai laifina a cikin abin da zan faɗa. Wanda zai karanta, ya karanta da niyyar yi masa addu'a.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2003, a farkon watan Muharram, Allah ya karɓi ran Kyaftin Badaruddeen Hammadu Durun yana da shekara arba'in da takwas. Kwanansa huɗu da gama kwaso alhazai daga Jidda. Ya je gonarsa a Durun da hantsi don ya duba inda za a zuba taki, ya zauna a gindin mangwaro ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Wata biyu kafin nan likita ya auna shi tun daga ido har zuciya, kamar yadda ake yi wa matuƙa duk wata shida, ya ba shi takardar lafiya. Ajali ba ya karanta takardar likita.

Badaru, ni ce Yaya Furera, wadda ta goye ka har zanenta ya ƙoshi da fitsarinka. Ni na san ka tun kana kiwon maruƙa a bayan Durun, ka ɗaga kai kana bin jirgi da ido har maruƙan su faɗa dawar mutane. Sau biyu Baba Hammadu yana biyan ɓarna saboda kai. Da ka samu shiga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, Baba ya ce, “To, ya je can ya kalli saman da dalili.”

Mutanen Kabo da Gwarzo sun ɗauka duk wanda ya hau sama kuɗi yake sheɓowa. Ni na san ba haka ba ne. A shekarun tsuke bakin aljihu akwai lokacin da ka yi wata uku kana tashi kana sauka albashi bai fito ba. Na ga matarka Lailatu tana juya wuyan farar rigarka ta aiki a keken ɗinki don ɓangaren da ya ƙoƙe ya koma ciki. Na ga tana ƙulla zoɓo ana kaiwa tasha. Duk da haka ƙofar gidanka ba ta rabu da masu buƙata ba, kuma ban taɓa jin ka ce wa wani, “Ni ma ba a biya ni ba.” In akwai ka bayar, in babu ka ce a dawo.

An ba ka gida a Kano kusa da filin jirgi, ka ƙi, don mahaifiyarmu Inna Marka ta ce ita da birni sai dai a kai gawarta. Haka ka zauna a Kabo kana jeka-ka-dawo a tsohuwar Fijo shekara ashirin da wani abu, lokacin wahalar mai da lokacin da hanya ta lalace. Motar nan ta zama ta gari. Mai zuwa asibiti, mai zuwa kasuwa, mai kai yarinya makarantar kwana, duk kyauta. Sharaɗinka ɗaya ne: in ka ce ƙarfe shida da rabi, to shida da rabi. Kawu Mijinyawa, ƙanen mahaifinmu, ya taɓa tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci, ya zo ya tarar da sawun taya. Da ka dawo ya tare ka a zaure.

“Kai Badaru, Kabo ce ka mayar filin jirgi? Gaisuwa ma sai an nemi izini?”

Ka durƙusa ka ce, “Kawu, da na jira ka, mutum ɗari biyu ne za su jira ni.”

“Su jira mana! Su ne suka yanka maka ragon suna?”

Aka yi dariya, amma daga ranar Kawu ne yake fara isa gindin motar.

Yanzu zan zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗana Zayyad ya taso yana ganin kawunsa, ya ce shi ma sama. Ni da mahaifinsa, Malam Zailani, muka sayar da shanu bakwai da fili ɗaya a Lakwaya, kai ma ka sa hannunka, ya je ya yi karatun ya fito da lasisi. Na ɗauka an gama. Ashe an fara ne. Kowane matuƙi yana da littafi da ake rubuta duk awar da ya yi a sama, kuma babba ya sa hannu cewa ya shaida. Zayyad ya fito da awa ɗari biyu da ashirin. Kamfanin da yake ɗaukar sababbi ya ce sai mai ɗari biyar, kuma kada ya kai shekara talatin. Ba a ba ka jirgi sai kana da awoyi, ba ka samun awoyi sai an ba ka jirgi. Shekara uku yaron nan yana zaune a Gwarzo yana taya mahaifinsa jiran shago, tsararrakinsa suna kiransa Kyaftin da baki biyu.

Ni malamar firamare ce, shekara talatin. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ƙara wa maraya maki biyar don ya haye aji, kuma ina ganin sadaka na yi. Da wannan ido na kalli littafin Zayyad. Na ce ai rajista ce kamar kowace rajista, ga fili a shafi, ga kawu mai alƙalami. Wata ranar Asabar bayan Azahar na naɗe littafin a mayafina na hau mota zuwa Kabo. Na same ka kana wanke Fijo. Bayan mun gaisa na miƙa maka na ce ka cike masa abin da ya rage, ka sa hannu cewa tare kuka tashi.

Ka goge hannunka, ka buɗe shafi-shafi, sannan ka dube ni.

“Yaya, a wane jirgi muka yi awoyin nan?”

“Kai ka sani. Ba kai ne kawunsa ba?”

“Ke da kika cika bas biyu da matan Islamiyyarki zuwa Kano ranar ƙaddamar da Shari'a, yau ke ce kika ɗauko mini shaidar zur a cikin mayafi?”

Da murmushi ka faɗa, amma ta shige ni. Na ce, “Kada ka yi mini wa'azi, ni na koya maka Fatiha.”

Ka ce, “Shi ya sa na riƙe ta da kyau.”

Sannan ka yi mini bayanin da ban saurara ba a ranar, sai yanzu nake jinsa. Ka ce awa a sama ba maki ba ce. Ita ce ranar da hadari zai rufe maka gaba, ƙasa ta ɓace, hannunka ya san abin yi kafin kanka ya tuna. Ka ce in ka rubuta wa Zayyad abin da hannunsa bai sani ba, ranar da ya ɗauki mutane abu ya faru, kai ka kashe su, har da shi. Na karɓe littafin na fita ko ruwan da Lailatu ta kawo ban sha ba.

Wata goma sha ɗaya na yi ina fushi da kai. Duk Juma'ar da ba ka da tashi sai ka zo Gwarzo bayan masallaci, da rake ko lemo a bayan mota. Ka yi sallama in amsa daga cikin ɗaki, in bar ka da Malam Zailani a zaure. Ni ce mai koya wa matan aure cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Nakan ce wa kaina ai ina amsa sallama, don haka ba gaba ba ce. Wannan dabara ce irin ta mai guntun ilimi, kuma Allah ba a yi masa dabara.

A cikin waɗannan watanni ba ka zauna ba. Ka bi mutanenka har ka samo wa Zayyad gurbi a wani ƙaramin kamfani mai feshin tsuntsayen jan-baki a fadamun Haɗejia, irin jirgin nan mai ɗaukar mutum biyu da tankin magani. Albashin ko na malamin firamare bai kai ba. Da na ji sai na ƙara ƙulewa. Na ce bayan shanu bakwai, ɗana ya zama mai korar tsuntsu, aikin da yara ke yi da gwangwani da igiya. In mata suka tambaye ni, “Ina matuƙinmu?” sai in ce yana gabas, in canja zance. Shi kuwa ya tafi. Yakan dawo ya rame, kayansa suna warin magani, amma idonsa a buɗe. Sai bayan rasuwarka yake gaya mini cewa kakan ɓata ranar hutunka ka tuƙa har can, ku zauna a inuwar fiffiken jirgi ka bi littafinsa layi-layi, kana tambayarsa yadda iska take a kowace rana da abin da ya yi. Inda ya yi kuskure ka faɗa masa ba sassauci. Daga nan ka saya masa tsire.

Da aka fara dawo da alhazai zuciyata ta fara sanyi. Na ce in ka gama zan zo Kabo in yi maka sannu da aiki, a wuce wurin ba sai an tono ba. Na ji ka dawo ranar Juma'a. Na ce bari ya huta, sai Juma'a mai zuwa. Talata aka aiko.

Ranar addu'ar bakwai abokan aikinka suka zo daga Kano da Legas. Ɗaya daga cikinsu, Kyaftin Dabo, wanda kuka yi makaranta tare, ya sa aka kira ni da Zayyad gefe. Idonsa ja, ya yi kuka, kuma na tabbata alheri yake nufi.

Ya ce, “Malama, na ji awar yaron nan ta kai ɗari huɗu da talatin. Saura saba'in. Kamfanin zai rufe ɗauka ƙarshen watan nan, shi kuma a Rajab zai cika talatin. Ku kawo littafin in cike. Don marigayi.”

Zayyad ya juyo ya kalle ni. Ba zan yi ƙarya a takardar mamaci ba: zuciyata ta karkata. Na tuna shanun, na tuna filin Lakwaya, na tuna shago. Saba'in kawai, kuma wannan karon ba ni na roƙa ba.

Na ce, “Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma an riga an kai maganar nan gaban mai ita ya ce a'a, kuma yau ba ya nan balle a sake tambayarsa.”

“Malama, irin wannan dama ba ta dawowa fa.”

“To kada ta dawo.”

Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Jininsu ɗaya.” Ban sani ba ko yabo ne ko ƙorafi.

Washegari Zayyad ya haɗa jakarsa ya durƙusa gabana ya ce, “Inna, zan koma wajen tsuntsayena.” Na sa masa albarka. Wata ya ƙare, kamfanin ya rufe ɗauka babu sunansa. Ko wani kamfanin zai buɗe, ko zai ƙare rayuwarsa a kan fadama, wannan ilimin yana wurin Allah. Abin da na sani shi ne duk layin da ke cikin littafin nan ya hau sama ya yi shi.

Badaru, ka yafe mini. Na zo a makare, kuma kai ba ka jiran wanda ya makara, amma Ubangijinka mai jira ne. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Alhazan da ka kai ɗakin Allah ka dawo da su lafiya, da marasa lafiyar da ka kai asibiti ba ka karɓi sisi ba, Allah ya sa su zama shaida a gare ka. Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu Inna Marka, wadda ka zauna a Kabo dominta, ga shi ita ce ta ga fitar gawarka. Ga Lailatu, wadda ta ga abin da na yi ba ta taɓa canja mini fuska ba. Ga 'ya'yanka Mahbub, Sa'adiya da Badi'a. Ga Kawu Mijinyawa da dukkan dangi na Durun, Kabo da Gwarzo, da abokan aikinka. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Jiya bayan La'asar na tara 'ya'yana da surukaina a tsakar gida, da izinin Malam Zailani, na faɗa musu, kuma ina rubutawa a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau babu ɗan gidan nan da zai kai wa ɗan'uwa takarda ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba, sakamakon jarrabawa ne, takardar haihuwa ce, ko shaidar aiki. Wanda kuma ya roƙi ɗan'uwa wani abu aka ce masa a'a, kafin rana ta uku ta faɗi zai taka da ƙafarsa ya je ya gaishe shi, ya zauna, ya sha ruwan gidan. In ya ƙi, ba a zuba masa tuwo a gidana. In ni ce na ƙi, kada a zuba mini.